Tabarmin Ƙofar Gidan Malam Sule

Ina ƙarama a Ƙofar Kwaya, na taso daga Islamiyya da la'asar, na ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan maƙwabcinmu, tsoho Malam Sule, wanda ya kwana biyu ba lafiya. Inna ta taɓa ce mini idan aka yi rasuwa ana shimfiɗa tabarmi a waje. Na ruga gida na ce Malam ya rasu.

Inna ta zura hijabi, ta ja hannuna, muka shiga gidan tana salati tana kuka. Sai ga Malam zaune yana shan fura. Ashe ruwa ne ya jiƙa zaure, aka shanya tabarmin.

Da Malam ya ji abin da ya kawo mu, ya dube ni ya ce, "'Yar nan, rasuwa tana fito da tabarma, amma tabarma ba ta kashe kowa." Inna ba ta iya ɗago kai ba har muka fita.

Jiya 'yata, mai shirin jarrabawar shiga jami'a, ta tambaye ni, "Mama, idan an yi ruwa ƙasa tana jiƙewa. In aka ga ƙasa jiƙe, an yi ruwa ke nan?"

Warin jiƙaƙƙun tabarmin kabar nan ya dawo mini. Na ce, "A'a. Tambaya tukuna, kafin ki sa uwarki kuka."