Muryar Hansatu a Kasuwa

Ranar wata Talata aka kunna lasifikokin tashar nukiliyar garinmu, shekara biyu bayan rasuwar matata Hansatu. Ita ta tsara lissafin da ke hango wayar da za ta kama da wuta tun ba ta yi ɗumi ba, don haka suka sa wa na'urar muryarta. Ba wanda ya tambaye ni.

Shekara tara ta yi tana ƙona guntayen wayar lantarki a tsakar gida, agogo a hannu, hayaƙi yana bin littattafaina. Ni kuma ina ce mata gobarar takarda take kashewa.

Jiya ina sayen balangu wajen Tanimu sai na ji muryarta daga lasifikar da ke saman kasuwa: "Akwatin lantarki na bakwai zai kama da wuta nan da awa uku. An kashe shi. Kowa ya ci gaba da harkarsa."

Kasuwa ta yi tsit. Muka zuba wa fankar Tanimu ido. Ba ta tsaya ba. Sai mata suka rangaɗa guɗa.

"Malam, Hajiya ta fitar da mu!" in ji Tanimu, yana ƙara mini yanka biyu. "Kai duk karatunka me ka taɓa kashewa?"

"Fitila," na ce.

Ya yi dariya har ya ƙware. Ni ma na dara, abin da na kwana biyu ban yi ba.

Na ɗan tsaya ƙarƙashin lasifikar. Magana kawai take yi, ba ta ji. Da tana ji, da na gaya mata cewa littattafan nan na daɗe da haddace su. Warin hayaƙinta ne ke sa ni buɗe su.