Masarar da Aka Kai wa Rana

Kai da kake ta ɗokin a gama yau-yau ɗin nan, zauna ka ji labarin wata mata mai kiwon tarwaɗa. Kwami biyu gare ta na siminti a bayan gida, kifi ɗari shida, su ne gonarta, su ne jarinta. Ana tsakiyar kaka abincinsu ya ƙare, ga man dizal ya yi ɓatan dabo a garin, wutar lantarki kuwa sai dai a ba da labarinta. Ita tarwaɗa ka san halinta, ba ta da kara: yunwa na taɓa ta, babba zai juya kan ƙarami. Da safe matar nan ta tsamo guda uku an cinye musu ciki, hankalinta ya tashi. Ta ɓare sabuwar masarar da aka karyo jiya, ta haɗa da waken suya da ƙuliƙuli da busasshen kifi, ta sa aka tura mata a baro zuwa wurin wani tsoho mai injin niƙa, wanda aka ce galan ɗaya na mai ya rage masa. Tsohon bai ko dubi fuskarta ba. Ya cusa hannu cikin buhu, ya ɗauko ƙwaya ɗaya ya ciza. Ƙwayar masarar ba ta ce ƙas ba, haƙori ne ya nutse a ciki. Ya girgiza kai. Ita kuwa ta dage, har da rantsuwa, wai rowa ce kawai irin ta masu inji. Don ya huta da bakinta ya tada injin, ya zuba kwano biyu. Wayyo! Nan take muryar injin ta shaƙe, ya hau nishi yana aman baƙin hayaƙi, bel na zamewa, rariyar ciki ta toshe da wani abu kamar tuwon jiya. Ya kashe, ya tsoma kara a tanki ya nuna mata inda mai ya sauka. Ya ce, "'Yar nan, a haka ko rabin buhu ba za mu kai ba. Kai wa rana ta yi rabin aikin, ita ba ta shan mai."

Ta koma gida ranta a ɓace, ta baza masarar a kan tabarmi, tana juyawa tana korar kaji, tana ƙunƙuni. Kwana biyu tana lallaɓa kifin da 'yar dusa, ta yi asarar goma sha ɗaya, kowanne ta tsamo sai ta ji kamar an yage mata zane. Tsoronta ɗaya, kada ta koma ta tarar man ya tafi. Ashe tsohon nan mutum huɗu ya mayar da niƙansu, yana cewa man na wata ne. Rana ta uku ta mayar da niƙan, ya ciza, ƙwaya ta ce ƙas. Ya fara ɓarza da rariya mai manyan ƙofofi, sannan ya maimaita da ƙarama, injin na ta waƙarsa sumul, gari na zuba a bushe. Buhu uku cif, aka kashe inji da sauran mai a gindin tanki. Matar nan sai hawaye, tana ta sa masa albarka tana neman gafarar maganar rowa. Da kifi ya isa kamu, ta zaɓi wanda ya fi kowanne girma, ta kai masa da kanta a cikin bokiti yana fantsama ruwa. Har yau ba ta zuba komai a buhu sai ta ciza ta ji. Da ta yi nasara a gardamar ranar farko, da ta koma da rabin buhun danƙararren gari, babu mai, babu kifi. Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.