Masuncin Babban Kogi a Ƙoramar Tsauni

Gyara zama in ba ka misali. An yi wani masunci da ya shekara arba'in yana su a babban kogi. Ya san inda giwar ruwa take kwana, ya san ranar da kogi zai kawo tun bai kawo ba, har masuntan wasu garuruwa kan zo neman shawararsa. Wata damina ambaliya ta cinye gidansa da jirginsa, sai shi da matarsa suka koma wurin danginta, a wani ƙauye da ke kan duwatsu. Ba su daɗe ba ciwo ya kwantar da matar. Kaka ta shigo, kowa na girbi yana cika rumbu, ita kuwa kunu ma da ƙyar take kurɓa. Ran nan da safe ta ce masa ba abin da ranta yake so sai romon ɗanyen kifi, irin wanda takan dafa musu a can gida. Ya ce mata ta sa a ranta kafin azahar ta sha.

Akwai wata ƙorama da ke gangarowa daga tsauni a bayan ƙauyen. Da yake ruwan sama ya ɗauke, ta janye har ba ta kai gwiwa, ta yi garau, mutum na iya ƙirga tsakuwar da ke ƙasanta. A wani gurbi ya hango kifaye masu ɗigo-ɗigo a jiki, sun jeru sun fuskanci inda ruwa ke zuwa. Ya naɗe wando, ya faɗa ruwa da komarsa, farar rigarsa na ɗaukar ido. Kafin ya ɗaga hannu gurbin ya zama wayam. Wata tsohuwa da ke yankan ciyawar jinka a gefe ta miƙe ta ce, "Malam, ruwan nan ba irin naku ba ne. Naku rufa wa masunci asiri yake yi, wannan kuwa tona shi yake yi." Ta gaya masa yadda marigayi mijinta kan yi in ruwa ya janye: yakan ɓullo ta gangare, ta bayan kifin, a durƙushe, ba ya yarda inuwarsa ta taɓa ruwa. Zarensa siriri, ƙugiyarsa ƙarama, ya soka mata ƴar fara, ya saka ta a hankali inda ruwa ke zuba yana kumfa, ya bar ruwa ya kai ta da kansa. Masunci ya ce, "Iya, ki ji da ciyawarki." A ransa kuwa cewa yake, wanda ya ja giwar ruwa mai nauyin ɗan maraƙi, ba mai yankan ciyawa ce za ta koya masa kama kifin da tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba.

Washegari ya zo da fatsarsa ta kogi mai kaurin zare, ya ɗaura mata tana da ɗan dutse. Duk jefawa sai ruwa ya ce tsulum, kifi su shige ƙarƙashin duwatsu. Rana ta uku ya yini yana datse ƙoramar da duwatsu yana kwalfewa, har bayansa ya ƙage, bai samu komai ba sai kwaɗi. Kullum ya dawo matar ba ta tambayarsa. Takan dubi hannunsa, sannan ta dubi fuskarsa, ta yi masa sannu da wahala. Wannan sannun ta fi masa zagi ciwo.

A rana ta huɗu, da hantsi, ya leƙa ya ga ba kowa a bakin ruwa. Ya tuɓe farar rigar ya cusa ta cikin ciyawa. Ya kama ƴar fara a gonar gefe, ya zare siririn zare daga tsohuwar komarsa, ya zagaya ta gangare yana jan gwiwa a kan tsakuwa, shi da bai taɓa durƙusa wa ruwa ba. Ya ɓuya a bayan wani dutse, rana na gabansa, ya miƙa sanda ya sauke farar a bakin kumfa. Ruwa ya ɗauke ta, tana ƴan shure-shure. Ba ta yi nisan kamu biyu ba kifi ya taso ya haɗiye ta. Kafin rana ta take ya kama uku.

Da gudu ya sauko gida, ya hura wuta da kansa, ya dafa romon da ɗan gishiri da daddawa yadda take yi. Ya tallafo kanta ya kai ludayi bakinta. Ta shaƙi ƙanshin, ta ce ƙanshin gida ne, amma maƙogwaronta ya riga ya rufe tun da asuba. Romon ya gangaro ta gefen bakinta, ya sa hannu ya share. Kafin la'asar ta cika.

Bai taɓa cewa romo zai hana ajali ba, don ya san kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da ya ci ransa har ya bar duniya shi ne, kwana uku cur tana iya haɗiya, maganar da za ta kai shi ga kifin kuma tana kunnensa tun safiyar farko, ya ƙi ɗauka saboda bakin da ta fito.

Shi ya sa Hausawa suka ce, girman kai rawanin tsiya.