Gurasar Matafiyi

"Umma, don girman Allah ki sauke gurasar nan daga bango!"

Na yi jifa da alƙalami. Shekara uku ke nan da Sanjar ya sake ni na dawo gidanmu a Tashkent. Ina rubuta littafi a kan aurenmu, amma babin ƙarshe ya ƙi fita. Da na ɗaga kai sai in ga busasshiyar gurasar nan. A al'adarmu, matafiyi kan gatsi gurasa, a rataye sauran har ya dawo ya cinye.

"Har a littafin na rubuta ranar da ya gatse ta za mu tafi Mosko. Ba zai dawo ba, Umma! Ya yi aure, har da 'ya'ya biyu. Ko surukin naki ya fi ni a wurinki ne?"

Umma ta sauko da ita, ta hure ƙurar, ta miƙo mini.

"Ke Nodira, duba wurin cizon. Sanjar yana da wushirya ne?"

Na kai harshe kan wushiryar da ke tsakanin haƙorana.

"Taki ce. Akwatinki ne kawai ya dawo gidan nan. 'Yata nake jira har yanzu."