Jikan Ɗan Duna

Lawan dillali ya tsayar da babur a bakin filin, ya tura hula ƙeya, idonsa na auna ƙasa. Inda yara ke buga ƙwallo, shi shaguna yake gani a jere. Inda lilo yake kuwa, ya riga ya kafa wurin wankin mota a ransa.

Rukunin Gidajen Alheri da ke Tarauni tun asali da tsari aka yanka shi don ma'aikatan gwamnati: layuka miƙaƙƙu, magudanar ruwa, kowace ƙofa da darbejiyarta, sai fili guda a tsakiya da aka bar wa yara. Da la'asar nan matan Kagoro da na Filato ke zama da maƙwabtansu Kanawa ana tsinkar zogale, ana sa ido kan masu rarrafe. Kowa Filin Ɗan Duna yake ce masa, amma duk matasan da Lawan ya tambaya ba wanda ya san dalili. Mai shayin bakin layi ne ya ce ya taɓa jin wai wani Ɗan Duna ya zauna a wurin lokacin da ake gina unguwar, kuma a gindin tsamiyar can aka binne shi.

Lawan bai nemi ƙarin bayani ba. Wanda ke ƙarƙashin ƙasa ba zai taso ya ƙaryata shi ba.

Kafin mako ya zagayo, daga Gyaɗi-Gyaɗi inda yake zaune har Ƙauyen Alu an ji cewa jikan Ɗan Duna ya bayyana, wato shi Lawan ɗin, yana neman gonar kakansa. Takardu, in ji shi, gobara ta cinye. Abin da ya rage masa shi ne shaidar dattawa a gaban mai unguwa, daga nan ya san ƙofofin da zai bi. Har ya kawo tifar yashi ya juye kusa da lilo, don a san ba wasa ya zo yi ba. Iyaye suka shiga damuwa, domin in filin ya tafi, titi ne kawai ya rage wa yara, ga 'yan adaidaita sahu ba sa taka birki.

Ranar Asabar aka taru a ƙarƙashin tsamiyar. Mutum guda Lawan ke shakka: Mama Jummai, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda ita da marigayi mijinta Bitrus suka tare tun ana kwaɓa simintin layin farko. An ce ba a yi mata ƙarya ta wuce.

Mai unguwa Malam Kabiru ya ce, "Mama, kin san Ɗan Duna?"

"Na san shi sarai, ranka ya daɗe." Ta gyara tabarau ta ƙare wa Lawan kallo. "Matso, ɗana. Kai, ga kunnuwan nan kuwa!"

Wani sanyi ya ratsa Lawan. Tsufa ya zo masa da taimako.

Mama ta shiga ba da tarihi. Ba gidan da ke layin nan, in ji ta, da Ɗan Duna bai ɗauko wa yashi da ruwa ba. Baƙi ne wuluk, gajere, ga ƙarfi. Bai taɓa kwana a ɗaki ba, nan filin yake kwanciya rani da damina. Abin da aka zuba masa shi yake ci. Sai dai taurin kai, in ya ce ba ya tafiya, ko gwamna ne ya zo sai ya jira.

"Haka yake, Mama," in ji Lawan, yana kaɗa kai. "Babanmu ma haka ya gado shi."

"Ya taɓa harbin wani injiniya a cinya."

"Ai gidanmu duk maharba ne."

Malam Kabiru ya ja gefen rawani ya rufe baki. Wani dattijo a baya tari ya sarƙe shi, har aka miƙa masa ruwa. Lawan ya lura, ya ce a ransa tuna mamaci ne ya taɓa zukatan tsofaffi. Don kada a bar shi a baya, shi ma ya ciro hankici ya goge ido.

"Malam Lawan," in ji mai unguwa da wata irin murya a shaƙe, "faɗa da ƙarfi jama'a su ji. Wanda ke kwance a gindin bishiyar nan, mene ne shi a wurinka?"

Matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Lawan ya gyara babbar riga, ya dafa ƙirji.

"Kakana ne, uban ubana. Jininsa ne ke gudu a jikina."

Sai Mama Jummai ta tafa hannu, ta juya ga mai unguwa ta faɗi magana guda.

Yashin da Lawan ya juye yana nan har yau, yara sun mayar da shi wurin gina gidajen wasa. Shi kuwa in zai je Tarauni sai ya yi dogon zagaye, a majalisar dillalan Gyaɗi-Gyaɗi ma ya daina zama, don da ya doso ake miƙewa a yi masa gaisuwar 'yan gado. Abin da Mama ta ce ranar bai fi haka ba:

"Ikon Allah, ranka ya daɗe! Duk shekarun da jakin nan ya yi yana mana dako, ba mu taɓa sanin ya ajiye iyali ba."