Buhu Ɗaya a Kwale-kwale

Malam Sabi'u, ɗauke idonka daga kwamfutar nan, kallo ba zai ƙara mata sauri ba. Na duba manhajar da ka rubuta. Sunayen manoma dubu arba'in za ka zuba a rumbun bayanai kafin a rufe rajistar rabon iri da la'asar. Amma ka sa ta ɗauki suna ɗaya, ta buɗe hanya zuwa rumbun, ta ajiye, ta jira a ce mata ya zauna, ta rufe hanyar, sannan ta dawo ɗaukar na gaba. Bari in ba ka wani misali.

An yi wani manomi da matarsa da ke noman albasa a wani tsibiri a tsakiyar kogi. Ita ta reni irin, shi ya yi ban ruwa, suka cire buhu sittin. Tun aurensu gonar ba ta taɓa yi musu kyau haka ba. Ran nan da hantsi masunta suka kawo labari cewa an saki ruwan dam, kafin rana ta faɗi tsibirin zai nutse. Kwale-kwalen mutumin yana cin buhu goma ba tare da ya ji ba. Sai dai shekarun baya ya taɓa loda shi har baki, ya kife da shi a tsakiyar ruwa, ya fito da ransa kawai. Tsoron bai sake shi ba. Don haka ya ɗora buhu ɗaya, ya kwance igiya, ya tuƙa zuwa gaɓa, ya ɗaure, ya hau gangare da buhun a ka, ya ajiye a rumfa, ya ja asabari, ya dawo. Da ya sake ɗora ɗaya, matar ta ce, "Maigida, ƙara ko huɗu ne mana." Ya ce, "Wanda na kai, na kai." Ta ƙyale shi, don ita ta yi jinyarsa wancan karon. Duk sawun da ya dawo sai ta share masa gumi da gefen mayafinta.

Bai zauna ba, bai ci abinci ba, tafin hannunsa ya saɓule a jikin filafili. Ɗora buhu ƙiftawar ido ne. Kwancewa da tuƙi da ɗauri da hawan gangare su suka cinye yinin. Ruwa ya taɓa idon sawun matar, ta ja buhunan zuwa tudu. Ya kai gwiwarta, babu sauran tudu. Buhu tara ya tsallakar. A sawu na goma ita ya ɗauka. Ta zauna ta ba gaɓa baya, tana kallon albasarta tana yawo jajir a kan ruwa, shi kuma yana tuƙi, ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

Da ka haɗa sunayen dubu-dubu, ka buɗe hanya sau ɗaya, kowane ƙunshi ka tura shi gaba ɗaya ka tabbatar da shi sau ɗaya, da tun kafin azahar ka tashi. In ƙunshi ɗaya ya lalace, shi kaɗai za ka sake turawa, ba wanda zai kife da kai. To ga shi an fara kiran la'asar, sunaye dubu uku kacal suka shiga. Sauran ma za su shiga, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai ɓata. Amma masu sunan za su je wurin rabo a duba takarda a ce ba a gan su ba, damina kuma ba ta jiran kowa. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.