Bindigar Hedimasta da Kurciyoyin Katagum

Bindiga ta uku ke nan da Hammawa ya ɗaga, ya kanne ido guda, ya leƙa cikin bututunta, sa'an nan ya ajiye yana girgiza kai.

"Wannan ko bango aka tsayar maka ba za ka samu ba, Hedimasta," in ji shi.

Malam Bappayo ya gyara zaman tabaraunsa, bai yi musu ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe alli a makarantun ƙasar Azare, amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa taɓa kunamar bindiga ba. Mai ilimi na gaskiya kuwa shi ne wanda ya san inda saninsa ya ƙare. Saboda haka ya miƙa wuya ga amininsa Hammawa, masunci kuma maharbi, wanda suka yi wasan ƙasa tare a Katagum.

Dalilin neman bindigar ba nishaɗi ba ne. Da ya yi ritaya, Malam Bappayo ya zuba abin da aka sallame shi da shi a wata gona ta kusa da kogi, ya shuka riɗi. Kasancewar iyalinsa na Azare, sai ya damƙa amanar gonar ga Hammawa, wanda ba shi da ko taki guda na noma, balle wani aiki ya raba masa hankali. Riɗi kuwa, in an yanke shi, ɗaurewa ake yi dami-dami a tsayar a rana har kwansonsa ya buɗe, sa'an nan a kifa shi a kan tamfol a karkaɗe. Shekara biyu a jere, in aka zo karkaɗewa, abin da ke zubowa bai taka kara ya karya ba. Kurciyoyi ne, in ji Hammawa, garke-garke suke sauka.

A bana dattijon ya ƙudurta cewa zai tare a gonar da kansa, daga ranar yanka har ranar awo, domin in wannan amfanin ya salwanta, sayar da gonar ya zama tilas. Kwanansa huɗu a bukkar gonar, sai Hammawa ya zo masa da nasiha: zaman mutum hannu rabbana ba ya korar tsuntsu, a je a nemo bindiga daidai ƙarfin ɗan fansho, yini guda ya isa.

Yini guda ya zama uku. Ranar Litinin a Azare, bayan ukun da Hammawa ya ƙi, suka ga wata bindiga mai baki biyu, kyakkyawa, amma kuɗinta ya fi ƙarfin aljihu. Ranar Talata Hammawa ya goya shi a sabon babur ɗinsa zuwa Chinade, inda wani maƙeri ya fito da harbi-ka-ruga mai araha. Malam Bappayo ya so ta ƙwarai.

"Kafin ka ɗura mata albarushi, kurciyar ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe," in ji Hammawa. "Tashi mu je."

Sau biyu dattijon ya ambaci gona, sau biyu aka ce masa ya kwantar da hankalinsa, riɗin bai gama bushewa ba. Ranar Laraba, a Shira, suka dace da wata tsohuwa mai baki ɗaya, wadda mai ita ya tsufa da farauta. Hammawa ya juya ta, ya shinshina, ya ce madalla. Alhamis da Juma'a suka tafi wajen neman takardar izini, domin Malam Bappayo ba mutumin da zai ƙetare doka ba ne.

Da hantsin Asabar suka isa gonar. Dammunan suna tsaye reras yadda ya bar su. Ya ɗaga na farko, sai ya ji shi sakayau kamar tsintsiya. Ya kifa shi, ƙwayoyi 'yan ƙalilan suka faɗo. Haka na biyu, haka na goma. Kurciyoyi uku na kiwo a gefe. Ya saita su ya harba, suka tashi lafiya lau.

"Sun riga mu," in ji Hammawa cikin sanyin murya. "Ƙaddara ta riga fata, Hedimasta."

Dattijon ya riƙe hannun amininsa, ya yi masa godiya bisa wahalar da ya sha dominsa.

Bayan mako guda ya nufi shagon Chibuike, ɗan kasuwar da ya daɗe a Azare yana sayen riɗi, wanda ya yi wa alkawarin kaya tun da damina. Ya zauna a benci ya zayyana masa labarin kurciyoyi daki-daki, ya kuma roƙe shi ya sa kunne ko za a sami mai sayen gona.

"Kai, Baba, sannu. Allah ya mayar da alheri," in ji Chibuike. "Amma kafin ka sayar, ka nemi wani mutumin garinku ya faɗa maka maganin tsuntsayen nan. Hammawa sunansa, wai da kamun kifi yake yi. Shekara uku ke nan yana kawo mini riɗi mai kyau. Ko waccan Larabar 'ya'yansa sun sauke mini buhu tara, suka ce baban nasu ya raka wani tsoho sayen bindiga."